Wa Ke Riƙe da Makullin Rusairis?

Garin Rusairis yana gaɓar gabas ta Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, yana fuskantar Damazin da ke gaɓar yamma. A ƙauyukan da ke kewaye da shi, da waɗanda suka bi kogin har Sinnar da Jazira, akwai Hausawa manoma da masunta da 'yan kasuwa waɗanda kakanninsu suka zauna a nan fiye da shekara ɗari. Abubuwa uku ne ke tafiyar da rayuwarsu ta yau da kullum: ruwan kogi, da layin waya, da maganar da ke yawo a cikin wayar. Dukkansu uku suna da makulli, kuma babu ko ɗaya da ke hannun mutanen ƙauye. Na farko yana hannun gwamnatoci, na biyu yana tsakanin kamfanoni da masu bindiga, na uku yana ƙetaren teku. Wanda sunansa bai shiga takardar hukuma ba kuwa, shi ne na farko da ake rufe wa ƙofa.

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa wannan ƙasa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira zuwa gabas tare da jama'a mai yawa, ya kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Mutanen Sudan suna haɗa Fulani da Hausawa da sauran mutanen yamma su kira su Fallata ko Takari. Sunayen nan biyu suna ɗauke da ma'anar baƙunta, kuma baƙuntar ta bi jikoki da tattaɓa-kunne waɗanda ba su taɓa ganin Sakkwato ko Kano ba.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babban aikin noman rani na Jazira. Wani kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ne ke gudanar da noman auduga domin masaƙun Lankasha, har zuwa 1950 da hukumar gwamnati ta karɓi aikin. An yanka ƙasa gona-gona, kowace ana ce mata hawasha, aka rubuta sunan mai ita a littafi. Akasarin mutanen yamma ba su shiga littafin nan ba. Sun shigo a matsayin 'yan ƙwadago masu shuka da cirar auduga, suka zauna a matsugunan gefen magudanai da ake kira kanabi. Fasahar ban ruwa ta mayar da Jazira rumbun Sudan, amma ta kuma raba mutane gida biyu: masu takarda da masu gumi. Rabon nan yana nan har yau.

Madatsar Rusairis ta zo a 1966, bayan yarjejeniyar rabon ruwan Nilu da Sudan da Masar suka ƙulla a 1959. A farkon 2013 aka kammala ƙara mata tsawo da mita 10, da kuɗin asusun raya ƙasa na Larabawa da aikin kamfanonin ƙasar Sin, ruwan da take riƙewa ya tashi daga kimanin cubic mita biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Tafkin ya faɗaɗa, ya haɗiye ƙauyuka da gonakin gaɓa, aka kwashe dubban iyalai zuwa sababbin garuruwa waɗanda ake kira da lamba maimakon suna. Mutumin da aka tayar daga gonar kakansa aka ajiye shi a gari mai lamba, dole ya sake tambayar da a da ba ya buƙatar yi: ƙasar nan ta wa ce?

Sama da Rusairis kuma, a ƙetaren iyaka, Habasha ta fara gina madatsar Nahda a 2011, kamfanin Salini na Italiya ne ɗan kwangila. An fara tara ruwa a 2020, aka buɗe ta a watan Satumba na 2025, tana iya riƙe cubic mita biliyan 74. Tana da amfani ga Sudan, domin tana rage laka da ke cike tafkin Rusairis, tana kuma daidaita gudun ruwa a duk shekara. Amma manomin gaɓa, wanda ke jiran ambaliya ta janye ta bar masa sabuwar laka ya shuka albasa da tumatur kamar yadda ake noman fadama a ƙasar Hausa, lissafinsa ya rikice. A da yana duban sama da launin kogi ya san lokaci. Yanzu lokacin yana cikin jadawalin injiniyoyi a wata ƙasa, kuma babu wanda aka ɗora wa nauyin sanar da shi.

Makulli na biyu ya fi na farko saurin juyawa. Manyan kamfanonin waya uku ne a Sudan: Zain, da MTN, da Sudani. Bayan kisan masu zaman dirshan a Khartum ranar 3 ga Yuni 2019, hukumar soja ta sa aka toshe intanet fiye da wata guda. An sake yin haka bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, na sama da mako uku. Bayan ɓarkewar yaƙi tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, abin ya wuce batun hira da labarai. Takardun kuɗi sun yi wuya, jama'a suka dogara da Bankak, manhajar Bankin Khartum, wajen saye da sayarwa da karɓar taimakon 'yan'uwa daga Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa. A Fabrairu 2024 layukan suka ɗauke gaba ɗaya, aka ɗora alhakin a kan RSF da ke riƙe da cibiyoyin kamfanonin a Khartum a lokacin. Mai kuɗi a waya ya wayi gari ba ya iya sayen mudun dawa.

A wannan giɓi ne na'urorin Starlink na attajirin Amurka Elon Musk suka shigo ta ɓarauniyar hanya, ana biyan kuɗi a yi amfani da su na sa'a guda. A wuraren da RSF ta mamaye, ciki har da Jazira daga faɗuwar Wad Madani a Disamba 2023 zuwa farkon 2025, na'urar takan kasance ƙarƙashin idon masu bindiga. Da kamfanin ya yi gargaɗin yanke hulɗa da ƙasashen da ba shi da lasisi a cikinsu, sai ƙungiyoyin agaji suka shiga roƙonsa kada ya yi. Abincin iyali a gaɓar Nilu ya rataya ga shawarar wani ofis a Amurka.

Makulli na uku shi ne magana. A Yuli 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su sarauta a cikin tsarin mulkin gargajiya, wasu shugabanni suka ƙi bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya da mallakar ƙasa. An kashe fiye da mutum 100, aka sa dokar hana fita a Rusairis da Damazin, Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum. A Oktoba faɗan ya dawo a Wad al-Mahi, yankin da wasu daga garuruwan nan masu lamba suke, aka rasa kimanin mutum 200. Tushen rikicin ƙasa ce da siyasa, amma kalaman ƙiyayya a Facebook da WhatsApp sun hura wutar, suna kai tsohuwar kalmar baƙunta kowane gida cikin daƙiƙa. Kamfanin Facebook da kansa ya amsa a 2018 cewa bai yi abin da ya kamata ba wajen hana tunzura jama'a a Myanmar. Darasin ya isa kunnensa shekara huɗu kafin Rusairis.

Mai karatu zai iya cewa laifin na 'yan siyasa ne da masu bindiga, fasaha kuwa wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka mutum. Akwai gaskiya a nan. Madatsar Rusairis tana ba ƙasa lantarki, Bankak ta ceci rayuka, waya ta haɗa iyalai da yaƙi ya tarwatsa. Sai dai misalin wuƙa bai cika ba, domin wuƙa tana hannun mai amfani da ita, waɗannan kuwa wani ne ke buɗewa ya rufe daga nesa. Kamfanin da ke cin riba daga talaka kuma ya miƙa makulli ga duk wanda ya nuna masa bindiga ko takardar umarni, ba zai ce ba ruwansa ba.

Akwai abin da za a iya nema, kuma an taɓa samu. A 2019 wani lauya a Khartum, Abdul'azim Hassan, ya kai kamfanin Zain kotu kan toshe intanet. Kotu ta fara ba da umarnin a buɗe masa layinsa shi kaɗai, ya koma ya nemi a buɗe wa kowa, a watan Yuli aka buɗe. Wannan ya nuna kwangilar da ke tsakanin mai layi da kamfani hakki ce da za a iya tsayawa a kanta. Haka ya kamata a ɗauki ruwa: jadawalin sakin ruwa daga Nahda da Rusairis ya zama sanarwar da ake karantawa a rediyo da masallatai, da Larabci da Hausa da sauran harsunan yankin, kafin lokacin shuka. Haka kuma ƙasa: duk sulhun da bai rubuta sunan mazauna kanabi da garuruwa masu lamba a littafin hukuma ba, ya bar garwashi a ƙarƙashin toka.

Batun magana kuwa ya shafi ɗaliban Hausa kai tsaye. Hausar Sudan ta cakuɗa da Larabcin ƙasar, ana rubuta ta a waya da harufan Larabci ko na boko yadda kowa ya ga dama. Na'urar da aka horar da Hausar jaridun Kano ba za ta gane zagi ko barazana a cikinta ba, haka ma gargaɗin ambaliya da aka fassara da na'ura zai iya isa ƙauye a karkace. Tattara kalmomin wannan karin harshe, da bayyana nauyin da kalma kamar Fallata take ɗauka a bakin kowane mai faɗa, aiki ne na masu nazarin harshe. Kamfanoni ba za su fara shi ba, domin kasuwar ƙarama ce a idonsu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma damina mai zuwa ba za ta jira a gama yaƙi ba.