Wa zai koya wa malamin Gayam koyar da karatu?

A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta zaunar da malaman firamare kusan dubu 33 ta ba su jarrabawar 'yan aji huɗu. Aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, aka sallame su, aka yi shelar ɗaukar sababbi dubu 25. A Yunin 2022 aka sake korar 2,357. Babu gidan rediyon da bai ɗauki labarin ba.

To, an gwada, an kora, an ɗauka. Wanda aka ɗauka ɗin, wa ya bi shi aji ya nuna masa yadda ake sa ɗan shekara shida ya haɗa baƙi da wasali? Wa ya zauna a bencin baya ya saurari darasinsa, ya gyara masa? Hukumar da ta iya tara malamai dubu 33 a zauren jarrabawa, me ya hana ta aika gwani ɗaya makarantun mazaɓar Gayam da ke Birnin Gwari?

Kora ba ta da wuya, takarda ce da sa hannu. Renon malami shi ne aikin, kuma shi ne aka guje wa.

Jama'ar Birnin Gwari, ku shiga aji ku gani da idonku. Malam ya rubuta jimla a allo, ya karanta, yara sittin ko fiye su amsa da murya ɗaya har kwano ya ɗauka. Mai wucewa ya ce ana karatu. Ku goge allon, ku kira yaro ɗaya, ku nuna masa kalmar a wata takarda. Shiru. Waƙa ya haddace, bai san baƙi ko ɗaya ba. Haka zai tafi aji biyu, aji uku, har aji shida, ana ciyar da shi gaba saboda shekara ta zagayo.

Malamin ba mugu ba ne. Yadda aka koya masa yake koyarwa. Da yawansu sun fito kwalejin ilimi da takardar NCE a fannin tattalin arziki ko zamantakewa, aka miƙa musu alli aka ce ga aji ɗaya nan. Koyar da karatun farko sana'a ce mai zaman kanta, kuma babu wanda ya koya musu ita.

Aikin gwanin koyar da karatu ke nan. Ya zo makaranta, ya ɗauki yara ɗaya bayan ɗaya, kowa minti ɗaya ko biyu: wannan bai san sautin harufa ba, wancan ya san harufa amma ba ya haɗa gaɓa, waccan tana karanta kalma amma jimla na kayar da ita. Ya raba su rukuni bisa abin da suka iya, ko da kuwa shekarunsu sun bambanta. Sai ya karɓi allin ya yi darasi a gaban malam: ya yi, su yi tare, yara su yi da kansu. Washegari malam ya gwada, shi kuma ya kalla. Bayan an tashi su zauna su biyu, ya ce masa ga inda ka dace, ga abu ɗaya da za ka gyara kafin in dawo. Kuma ya dawo ɗin. Idan babu dawowa, sauran duk ɓata lokaci ne.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo babu almajirin da ke wanke allonsa sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya biya, malam ya ji da kunnensa, sannan a yi masa ƙari. Tsangayar da ba ta da kasafin kuɗi ta san ba a ciyar da yaro gaba sai an saurare shi. Makarantar gwamnati mai sakataren ilimi da sufeto da motoci ta manta?

Abin takaici, Hausa ba ta da wuyar karantawa. Yadda ake faɗa haka ake rubutawa, kusan kowane harafi da sautinsa guda. Yaron da aka bi da shi daki-daki, ba, be, bi, bo, bu, aka bambance masa b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, ba ya cinye shekaru kafin ya fara karanta gajeren labari. Wanda ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turanci ba zai gagare shi ba. Amma ana tilasta wa yaron ƙauye haddar jimlolin Turanci alhali bai iya rubuta sunan garinsu ba.

Kada kowa ya ce ba a san hanya ba. Shirin ESSPIN na gwamnatin Birtaniya ya yi aiki a Kaduna daga 2008 zuwa 2017, kuma a ƙarƙashinsa aka horar da jami'an tallafa wa makarantu, waɗanda ake kira SSO, domin ainihin wannan aiki na bin malamai aji. Shirin RANA ya buga littattafan koyon karatu da Hausa ya kai makarantun Katsina da Zamfara, maƙwabtanmu. An yi Mu Karanta a Sakkwato da Bauchi. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya sukutum ta binciken koyar da karatu. Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, hedikwatarta a Kaduna take tun kafa ta a 1976. Littattafan suna nan, masanan suna nan, hanyar a rubuce take. Me ya rage?

Abin da ya rage shi ne mai ɗaukar ilimin daga birni ya kai ƙauye. A nan ne ake cin amana. Ana shirya bita a otal, kwana uku, a raba jaka da biro, a sa hannu a karɓi alawus, a ɗauki hoto. Wa ake turawa? Na kusa da ofis, ɗan gidan wane, wani ma bai taɓa riƙe aji ɗaya ba. Malamin da ke fama da yara a bakin daji sai dai ya ji labari. Jami'in da aka naɗa don ya zaga makarantu kuma, in ya je, rajistar halarta yake dubawa, ya sa hannu a littafin baƙi, ya hau babur. Wani cewa yake ba a ba shi kuɗin mai ba. Idan gaskiya ne, wa ya riƙe kuɗin? Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin bai-ɗaya, kuma a cikinsa akwai kaso na horar da malamai. Ina nasu na Birnin Gwari yake tsayawa?

Na san uzurin da za a kawo: tsaro. Babu mai raina wannan masifa. A Maris na 2021 'yan bindiga suka shiga firamaren Rama suka tafi da malamai uku. Garuruwa sun tashi, hanyar Kaduna ta zama tarko, dajin Kamuku da na Kuyambana suka koma mafakar ɓarayi. A 2024 gwamnati da kanta ta yi maganar haɗe makarantu 359 a faɗin jihar saboda rashin tsaro. Malaman da suka tsaya a wancan lokaci sun cancanci addu'a da lada.

Sai dai kafin 'yan bindiga su zo, yaran suna karatu ne? Matsalar ta girmi bindiga. Kuma a ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi shelar sulhu, aka buɗe kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe. Idan hanya ta buɗe wa motar shanu da motar masara, ta buɗe wa mai duba karatun yara. Ba za a ce mana an samu lafiya ranar yanke zare, a ce babu lafiya ranar zuwa aji ba.

Yanzu ma buƙatar ta fi tsanani. Yaron da gudun hijira ya raba da makaranta shekara uku ko huɗu ya dawo yana ɗan sha biyu, bai san harafi ba. A ajin yara ƙanana kunya za ta kore shi, a ajin sa'o'insa ba zai fahimci komai ba. Malamin da ba a horar ba ya zai yi da shi? Irin wannan yaro wata biyu zai yi ya daina zuwa, kuma mun san waɗanda ke jiran yaran da suka daina zuwa, a ramin zinare da cikin daji.

Dogaro da baƙi kuma ya ƙare. A 2025 Amurka ta rufe hukumar USAID wadda ta ɗauki nauyin wasu daga cikin shirye-shiryen koyar da karatun da na ambata. Dama kunya ce a ce sai wata ƙasa ta biya kafin ɗan Bahaushe ya koyi karanta Hausa, a jihar da Kamfanin Gaskiya ya yi ta buga littattafan Yaƙi da Jahilci a Zariya tun shekarun 1950.

Iyaye, ku ma da laifinku. Uba ya san farashin buhun taki, bai san ko ɗansa na aji biyar yana karanta layi ɗaya ba. 'Yan kwamitin makaranta suna taro a kan kwano da katanga, ba su taɓa tambayar yara nawa suka iya karatu ba. A taro na gaba ku gayyaci sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ku tambaye shi a gaban mai gari: wane jami'i aka ba makarantun Gayam? Yaushe rabonsa da zama cikin aji daga farkon darasi zuwa ƙarshe? A cikin 'yan aji uku, nawa ya saurara da kunnensa, nawa suka karanta? Ku ce ya kawo amsar a rubuce.