Hawan Jini: Gadon Fata Ne Ko Aikin Tukunya?

Sau da yawa akan ji ana cewa hawan jini ciwon baƙar fata ne, wai da shi ake haihuwarsu. Tushen zancen shi ne a Amurka cutar ta fi yawa, ta kuma fi tsanani, ga baƙaƙen fata bisa ga farare. To amma launin ne ya jawo haka?

A shekarar 1997 Richard Cooper na Jami'ar Loyola ta Amurka da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajin da suka yi wa baƙaƙen fata a ƙasashe daban-daban. Sun sami hawan jini ga kashi 16 cikin ɗari a Afirka ta Yamma, kashi 26 a tsibiran Karebiyan, kashi 33 kuwa a Amurka. Asalin mutanen ɗaya ne, amma ƙiba da yawan cin gishiri suna ƙaruwa daga wuri zuwa wuri, cutar tana biye da su. Ashe ke nan babban laifin yana ga abinci da yanayin zama.

Wannan darasi ya shafi Kakuri kai tsaye. Tun da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 mutane suka yi ta barin ƙauyuka suna tarewa a nan. Masaƙun sun durƙushe, amma cimar birni ta zauna: burodi, taliyar leda, da miya mai yawan magi. Ganye kuwa wasu sun ɗauke shi abincin talaka.

Alhali a cikin alayyafo da latas akwai wani sinadari da ake kira naitiret. Idan an ci, yakan shiga jini, wani kasonsa ya dawo baki ta cikin miyau. A nan wasu ƙwayoyin bakteriya da ke kan harshe sukan juya shi zuwa naitirait, jiki kuma ya mai da wannan zuwa iskar naitirik oksaid. Iskar ce ke sassauta jijiyoyin jini su buɗe, sai matsin jinin ya ragu. Gano aikinta ne ya sa aka bai wa masana uku kyautar Nobel a 1998. A 2015 kuma masu bincike a Landan sun riƙa shayar da masu hawan jini kofi ɗaya na ruwan bitrut, wata jar saiwa mai yawan naitiret, kullum har mako huɗu, awonsu na sama ya sauka da kimanin maki 8.

Wani zai ce maki 8 bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne ganye ba ya maye gurbin magani, kuma wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya kada ya kuskura ya daina. Amma ɗan ragi irin wannan, idan ya game unguwa baki ɗaya, yana rage masu shanyewar ɓarin jiki. Ga shi kuma alayyafo yana da araha a Kasuwar Monday, musamman da rani lokacin da lambunan bakin Kogin Kaduna ke cika.

Saboda haka ya kamata malaman kimiyya su koyar da abubuwa uku. Na farko, a wanke ganye da kyau, kada kuma a tafasa shi a zubar da ruwan, domin naitiret yana narkewa a ciki. Na biyu, a rage gishiri, magi da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Na uku, ɗalibai su roƙi iyayensu su je a auna jininsu, ko a Asibitin Gwamna Awan ko a ɗakin shan magani mafi kusa, domin hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba.

Ɗalibin da ya yarda cewa cutar gado ce zai naɗe hannu. Wanda ya fahimci cewa tukunya na da hannu a ciki zai iya gyara ta gidansu tun yau. Rigakafi dai ya fi magani.