Waiwaye: Babbar Riga Ɗaya a Hanyar Gabas

Kafin jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, mutumin Magariya ko Dungas da ya ɗaura niyyar sauke farali yakan yi sallama da gida irin ta wanda bai san ranar dawowa ba. Zai biya bashi, ya nemi gafarar dangi, ya damƙa gona a hannun ƙanensa, ya karɓi addu'ar liman. Bayan duk wannan sai ya zauna gaban adakarsa yana lissafin tufafin da zai ɗauka. Lissafin gajere ne, amma cike yake da hankali, kuma shi nake so mu waiwaya yau.

Hanyar ce ta koya musu lissafin. Wasu kan gangara ta Babura zuwa Kano, wasu su bi ta Maigatari da Gumel su nufi Barno. Daga Maiduguri sai Fort-Lamy, wadda aka mayar da sunanta Njamena a 1973, sai Abeshe, sai a shiga Darfur ta Junaina da Fashir har El Obeid, inda layin dogo ya iso tun wajen 1912. Ƙafa da jaki da raƙumi ne abin tafiya kafin manyan motoci su yawaita. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya neman na gaba. Da yawa sun yi damina biyu ko uku suna tsinkar auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925, ko su sauka wajen ƴan uwa a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Kogin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Daga ƙarshe a isa Sawakin, a bakin Bahar Maliya, a yi zaman killace da allurar rigakafi, sannan a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Wanda ya san zai shekara yana ɗaure kaya da asuba yana kwancewa da almuru ba zai ɗauki abin da ba ya da aiki ba. Kayan sawarsa kashi uku ne. Akwai na hanya: taguwa da wando masu jure ƙura da wanki, da bargo ko gwado saboda hunturu. Akwai farin ƙyalle: harami, wasu kuma har da likkafani, wanda suke fatan tsomawa a ruwan Zamzam su dawo da shi. Na uku shi ne babbar riga guda ɗaya, da rawaninta ko dara. Mace kuma zanen saƙi mai kyau guda, da mayafi da kallabi.

Rigar nan ɗaya ita ake yi wa hidima. Saƙi ce ko tsamiya ko kore, mai aikin hannu a ƙirji, aska biyu ko aska takwas gwargwadon ƙarfin mai ita. Kafin tafiya a kai ta wajen ƴan bugu su buge ta har ta yi sheƙi. A ninke ta bisa layin bugun, aikin ƙirji ya koma ciki don kada zaren ya goge, a naɗe ta cikin tsohon zane mai tsabta, a turara ta, a sa ta can ƙarshen adaka ko cikin jakar fata inda ruwa da gara ba za su kai ba. Idan an yada zango na kwanaki sai a fito da ita ta sha iska a inuwa, a mayar. Ba a sa ta sai da dalili: Juma'a a babban gari, Idi idan ya riske su a hanya, gaisuwar sarki ko malamin da za a nemi masauki a wurinsa, da ranar da Allah ya nufa a sake taka ƙofar gida.

Akwai wani amfanin da ya sa ba a barin ta a baya. A wancan zamani riga dukiya ce. Tun a 1851 Bature mai yawon buɗe ido Heinrich Barth ya ga yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, kuma a kasuwannin gabas ma an san darajar saƙar Hausa. Matafiyin da ciwo ya kwantar, ko kuɗin jirgi ya gagare shi, yana da abin da zai jinginar ko ya sayar ba tare da ya miƙa hannu yana roƙo ba. Rigar tana rufa masa asiri a jiki, tana kuma rufa masa asiri ranar da aljihu ya bushe.

Amma duk darajarta, akwai inda take tsayawa. Kafin a shiga Makka sai namiji ya tuɓe duk abin da aka ɗinka masa, ya ɗaura ƙyalle ɗaya ya yafa ɗaya. Mai aska takwas da mai taguwar gwanjo, ɗan sarautar Wacha da manomin Dogo-Dogo, ba mai bambance su a filin Arfa. Iyayenmu sun san haka tun suna gaban adaka, shi ya sa ba su wahalar da jaki da kayan da babbar ranar tafiyar ba ta buƙata.

Abubuwa sun sake da zuwan kuɗin gyaɗa. A shekarun da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke sayen gyaɗar ƙasar Magariya, manomi ya samu halin ɗinka riga fiye da ɗaya, jirgin sama kuma ya mayar da tafiyar shekaru ta zama ta awoyi. Wannan alheri ne, kuma muna godiya. Sai dai sauƙin hanya ya tafi da wancan lissafin. Yau maniyyaci kan kwashe makonni yana zarya wajen tela, shadda Getzner kala-kala, rinin Bamako, kowace da hularta da takalminta. Wani sai ya sayar da ɗan bijimi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ba don kuɗin kujera ba, don kawai kada a ce ya maimaita riga a hoto. Can a filin jirgin Diori Hamani na Yamai ma'auni ba ya duba sheƙin shadda, kilo yake ƙirgawa. Nan za ka ga dattijuwa durƙushe tana zazzage akwati a bainar jama'a, jikanta na cewa, "Hajiya Kaka, ki rage wannan, ai ba za ki sa shi ba."

Kuma gaskiya ya faɗa. Shadda mai sitaci ba tufar zafin Makka ba ce. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, hukumomin Saudiyya kuma suka ce mutum fiye da 1,300 sun rasu. A irin wannan yanayi farin yadi mara nauyi, da laima, da takalmin da ƙafa ta saba da shi, sun fi kowace kwalliya amfani. Ko Turawan da ke hawa manyan jiragen ruwa don shaƙatawa, irin Queen Mary 2 mai kwana bakwai tsakanin Ingila da Amurka, ana sanar da su tun daga gida dare nawa ne na shigar alfarma, sai mutum ya ware kwat ɗaya ya adana ta da kyau, sauran kwanakin ya yi su cikin kaya masu sauƙi.

Ba ina kiran kowa ya bar ado ba ne. Bahaushe da babbar riga ba a raba su, kuma baƙon da ya shiga mutane tsaf yana ɗaga sunan garinsu. Abin da nake roƙo shi ne mu dawo da tambayar da dattawa ke yi wa kowace tufa kafin ta shiga adaka: wace rana za a sa ki, a gaban wa? Ko hajji ne, ko umara, ko bikin dangi a Kano, ko taro a Yamai, ka ƙirga ranakun da suke na girmamawa, ka zaɓi riga ɗaya ko biyu masu kyau, ka ba su kulawar da ta dace. Kuɗin sauran ka bar wa iyali hatsi da shi, ka biya bashin da ke wuyanka, ka riƙe wani abu don lalurar hanya. Mai tafiya da ya bar gidansa a ƙoshe, kayansa kuma daidai ƙarfin hannunsa, shi ne ya shirya.