Zuwa ga masu zane da kwamfuta da aikinsu ke zuwa Um Rakuba



Maganata a kan ɗan jadawalin nan ne da ke zaune a kusurwar zane, wato jerin kaya, wanda yawancinmu muke bar wa manhaja ta cika yadda ta ga dama. In dai zanenku Um Rakuba zai nufa, don Allah ku karɓe wannan aiki daga hannun manhajar.

Kun san wurin. An sake buɗe wannan sansanin 'yan gudun hijira na Sudan a Nuwamban 2020, da yaƙin Tigrai ya koro mutane daga Habasha, bayan an taɓa zama a cikinsa lokacin yunwar shekarun 1980. Iska da ruwan 2021 sun yayyage tantuna da yawa, shi ya sa aka koma neman gini mai ƙwari. Ƙasar Gadarif kuwa, inda sansanin yake, baƙar laka ce: da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe tayar mota. Kaya ba sa isowa a sawu ɗaya, kuma abin da aka manta ba lallai a same shi a garin Doka da ke kusa ba, sai an koma birnin Gadarif. Mai loda mota yakan bi jerinku ne daga lamba ta ɗaya.

To, wa ya ba da lamba ta ɗayan? A SolidWorks, in ba ka hana ba, jerin yana bin yadda sassa suke a jere a reshen haɗi, a Inventor ma abin da ka fara sakawa shi ke gaba. Sai ka tarar washa ce ta ɗaya, ginshiƙi na can tsakiya, don kawai haka aka ɗauko su ranar da ake zane.

Ɗauki ƙarfen ɗora tankin ruwa. Bol ɗin da za a binne cikin kankare da farantan gindi su ne na farko, domin sai an zuba kankaren ya yi kwanaki yana kamawa kafin a ɗora masa komai. In suka zo a motar ƙarshe, magini da leburorinsa sun yi zaman banza. Daga nan ƙafafu, sai ƙarafan gicciye, sai dandamali da tsani, sai tanki da bututu. Noti da washa a tara su a ƙarshe, kowane girma da layinsa. Ƙa'idar ISO 6433 ta yarda a jera lambobi bisa yadda za a haɗa abu, saboda haka ba wani mai duba zane da zai ce kun yi bidi'a. Kuma ƙarfen dama da na hagu, in ramukansu ba ɗaya ba ne, kowa da lambarsa.

Inda aka fi ɓarna shi ne wajen gyara. Zane ya riga ya fita, sai aka cire kaya na 7. Manhaja ta matso da na 8 ya zama 7, sauran duk suka bi sahu. Mai walda na riƙe da tsohuwar takarda da ta sha mai da ƙura, mai sito na duba sabuwa a wayarsa. Ɗaya Larabci yake ji, ɗayan Tigrinya, bayanin jerin kuma da Turanci; lamba kaɗai suka haɗa, ga shi kun canza mata ma'ana. A aika yaro ya ɗauko bakwai, ya dawo da abin da ba shi ba, a yi ta rantse-rantse alhali kowa na da gaskiya.

Ku kulle lambobi tun ranar da zane ya fita. Wanda aka cire, a bar gurbinsa ba kowa. Sabon da ya shigo ya karɓi lamba ta gaba a ƙarshe, ko da a gindi za a ɗaura shi. Na san wannan yana ɓata tsarin da na gama yabo yanzu. Ya ɓata ɗin. Masu Inventor ku ƙara kula: lambar da kuka sauya a jadawalin takarda ba ta komawa asalin jerin haɗin sai kun tura ta da kanku, in ba haka ba shafi na biyu ya zo da wata daban.

Ku roƙi masu yanka ƙarfe su rubuta lambar a jikin kowane yanki da fenti, kuma da irin alƙaluman da ke zanen. A Sudan ana rubuta na Larabci ma, biyar ɗinsu kamar sifilinmu take, shidansu kamar bakwai.

Jerin da za ku tura wa ɗan kwangila a Excel, ku fitar da shi daga manhajar kai tsaye, kada a sake bugawa da hannu, kada kuma a jera shi bisa haruffa. Ku sa masa harafin gyara da kwanan wata iri ɗaya da na zanen.