Ɗaurin Inji: Inda Ya Dace Mai Tsohuwar Mota Ya Yi Tsimi

Ranar da shuɗin hayaƙi ya fara fita daga salansar mota, baƙin mai kuma ya riƙa raguwa tsakanin juye da juye, mai motar ya san hukunci na jiransa. A yawancin garejin Kano da Kaduna shawara ɗaya zai ji: a sauke injin, a nemo ɗan Beljiyam a Kofar Ruwa ko Panteka, a ɗora, a huta. Shekaru goma da suka wuce wannan shawara ba ta da wuyar karɓa. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, dala da ake canzawa a wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Duk abin da ya tsallako teku ya bi ta. Ma'aikacin da ke tuƙa Golf ko Corolla mai shekara ashirin ya wayi gari kuɗin inji guda ya kusa kai abin da ya sayi motar a da.

A wannan hali, sake ɗaure tsohon inji ya fi dacewa da aljihun mafi yawan mutane, da sharaɗin a san inda za a yi tsimi da inda ba a taɓawa.

Wannan sana'a tana da tarihi a Arewa. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar ma'aikata da ta haya tsawon shekaru talatin. Ɗaya daga cikin dalilan ɗorewarta shi ne yadda aka ƙera injinta: bututun da fistin ke kai-komo a ciki ana zare shi daga jikin bulok a sa sabo. Da sabbin bututu da fistin da ringi, inji ya koma kusan yadda ya baro masana'anta. Makanikan da suka ƙware a kan 504 sun san cewa abin da ke cinyewa a inji kaɗan ne: ringi, metal, bawul, gasket. Gangar jikin tana iya rayuwa sau biyu ko uku.

To me ya sa ɗaurin inji ya yi baƙin suna? Kusan kowa ya san wanda aka ɗaure wa inji, bayan wata uku ya buga. Dalilin yana cikin awo. Tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal ɗin da yake juyawa a kai ba ta kai kaurin gashin kai ba. A yawancin ƙananan motoci tana tsakanin kashi 2 zuwa 6 cikin ɗari na milimita. A cikin wannan 'yar tazara baƙin mai ke shimfiɗuwa ya hana ƙarfe gogar ƙarfe. Idan ta yi faɗi, ƙarfin mai ya faɗi, inji ya fara ƙwanƙwasa. Idan ta matse, metal ya ƙone. Babu idon da ke ganin wannan bambanci, babu yatsan da ke jin sa. Sai da ma'auni. Shi ya sa idan karanshaf ya ci ake kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe su rage shi da milimita 0.25 ko 0.50, abin da ake kira 010 da 020, sannan a sayo metal daidai da wannan lamba. Haka kusoshin kan inji: kowane kamfani ya faɗi ƙarfin da za a ɗaure su da shi da jerin da za a bi. Wanda ya ɗaure da ƙarfin damtse kawai, shi ya shirya ƙonewar gasket ɗin gobe.

Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya ware abubuwa uku da ba ya neman ragi a kansu: kuɗin awo da aikin ƙarfe, ingancin ringi da metal da gasket, da famfon baƙin mai. Araha ba ta ado, balle a cikin inji, inda jabun ringi ke tilasta a sake biyan kuɗin aiki gaba ɗaya. Tsimin yana wani wuri. Kafin a kwance komai a gwada matsin kowace silinda, domin sau da yawa matsalar a sama take, a bawul ko robobinsu, kuma gyaran kan inji kaɗai ya wadatar. Fistin da aka auna aka ga bai ci ba, ba dole a sauya shi ba. Fenti da ƙyalli kuwa suna iya jira.

Akwai kuma sauye-sauyen da ake yi wa inji da sunan dacewa da zafin ƙasar nan, waɗanda a gaskiya asara ce. Mafi yaɗuwa shi ne cire tamostat da haɗa fanka kai-tsaye. Tamostat ƙofa ce da ke riƙe ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Idan aka cire ta, inji ya daɗe bai ɗumama ba, musamman da safiyar hunturu. Kwamfutar motar kuma, ganin sanyi, sai ta ƙara feshin fetur. Rarar fetur ɗin ya wanke man da ke jikin silinda, sabbin ringi su cinye kafin lokaci. Motar da ke zafi tana nuna toshewar lagireto ne, ko lalacewar famfon ruwa, ko fankar da ta daina tashi, kuma can ya kamata a nemi magani. Haka maye gurbin injekta da kafireta: an sauƙaƙa wa makaniken da ba shi da na'urar bincike, an ɗora wa mai mota kuɗin fetur na kowace rana.

Masu goyon bayan ɗan Beljiyam suna da hujja. Inji ne da aka haɗa a masana'anta, ana ɗora shi cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da direban haya ba zai raina ba. Idan bulok ya tsage, ko sandar fistin ta fasa shi, babu abin ɗaurewa, sai saye. Sai dai mai saye bai san kilomita nawa injin ya ci a Turai ba, bai san sau nawa aka juye masa mai ba, garantin kuma gajere ne. Wanda ya ɗaure nasa ya ga cikinsa da idonsa.

Aiki ya rage wa masu motoci. Ƙwararren makanike ba zai sayi ma'auni ba muddin abokin ciniki tambayarsa ɗaya ce: nawa ne na ƙarshe? Mai motar da ya nemi a nuna masa sakamakon awo, ya karɓi tsoffin kayan da aka cire, ya yi haƙurin tafiya a hankali na kilomita dubun farko kafin ya juye mai, shi ne zai tuƙa motarsa wasu shekarun. Kuɗinsa kuma sun tsaya a hannun mai gyaran ƙarfe da makanike da yaran gareji na garinsu.