Tafiya Sao Tome da Principe: Guzurin da Ya Kamaci Ɗalibin Harshe Daga Jos

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma mu ɗalibai da zarar an yi maganar fita waje, hankalinmu ba ya zuwa ko'ina sai Ingila da Amurka da Dubai, in an matsa a ce Masar ko Sudan. Ni kuwa a ganina, ɗalibin harshe da ke nan Jos yana da wurin zuwa wanda ya fi yawancin waɗannan kusa, kuma ya fi su alaƙa da abin da muke karantawa. Wannan wuri shi ne ƙasar Sao Tome da Principe, tsibirai biyu da ke cikin Tekun Atilantika kudu da Nijeriya, kimanin kilomita 250 daga gaɓar ƙasar Gabon. Sai dai kusanci ba ya nufin sauƙi, shi ya sa na ga ya dace in kawo wasu shawarwari ga duk wanda Allah ya ba shi ikon zuwa.

Me Ya Haɗa Mu Da Su?

Ƙasar ƙarama ce, mutanenta sun ɗan haura dubu 200, wato ba su kai mutanen garin Jos ba. Ta sami 'yancin kai daga Turawan Fotugal a ranar 12 ga Yuli, 1975. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, daga Sao Tome jirage suka riƙa tashi da dare suna kai kayan agaji yankin Biyafara. A 2001 ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar haƙar mai a ruwan da ke tsakaninsu, Nijeriya na da kashi 60 cikin 100, su kuma 40. Haka nan a watan Yulin 2003, sojoji sun yi juyin mulki a can alhali shugabansu Fradique de Menezes yana Abuja, kuma bayan an sasanta Cif Olusegun Obasanjo ne ya raka shi gida.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne harshe. Lokacin da Turawan Fotugal suka zauna a tsibirin a ƙarshen ƙarni na 15, sun kwaso bayi daga masarautar Bini, daga baya kuma daga Kongo da Angola. Cuɗanyar harsunan waɗannan bayin Allah da Fotugisanci ita ta haifar da sababbin harsuna, wato Forro da Angolar a Sao Tome, da Lung'ie a Principe. Masana sun nuna cewa harshen Edo na Bini ya bar tambarinsa a nahawu da kalmomin waɗannan harsuna, musamman Lung'ie, wanda har yau yake da sautukan “gb” da “kp”. Mutumin Jos da ya saba furta Gbong Gwom ba zai sha wuyar wannan sauti ba. Bugu da ƙari, masu jin Lung'ie sun ragu ƙwarai, domin yara sun koma Fotugisanci. Duk wanda ya ga yadda Hausa da Ingilishi suke danne wasu ƙananan harsunan Filato, zai gane wannan ciwo tun kafin a yi masa bayani.

Takardu Da Hanya

Shawarata ta farko, kada ka yi zaton tafiyar irin ta Nijar ko Gana ce. Sao Tome ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, don haka 'yancin zirga-zirgar da fasfonmu ya ba mu a Afirka ta Yamma bai kai can ba. Ka nemi tabbacin sharuɗɗan biza daga hukumomin ƙasar tun kafin ka sayi tikiti, domin irin waɗannan dokoki suna canzawa. Ka kuma tanadi katin allurar cutar shawara. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isar wa mutum har abada.

Daga filin jirgin sama na Yakubu Gowon da ke Heipang babu jirgin da zai kai ka can. Dole ka gangara Abuja ko Legas, sannan ka shirya wa yada zango a wata ƙasa. Jiragen da ke sauka tsibirin ba su da yawa, ba kuma kullum suke zuwa ba, saboda haka ka bar ratar kwana ɗaya ko biyu tsakanin dawowarka da ranar jarrabawa ko komawa aji. Tsakanin Sao Tome da Principe kuwa akwai kimanin kilomita 150. Ni dai zan zaɓi ƙaramin jirgin sama a kan na ruwa, domin a watan Afrilun 2019 wani jirgin ruwa ya kife kusa da Principe, aka rasa rayuka.

Kuɗi Da Kaya

Kuɗinsu sunansa dobra, kuma tun 2010 aka ɗaure darajarsa da yuro, inda yuro 1 yake daidai da dobra 24.5. Kada ka dogara da naira, kada kuma ka dogara da katin banki kawai. Ka canji yuro tun daga gida, ka raba su gida biyu ko uku a jikinka da jakarka, ka kuma kashe dobrar da ka canza kafin ka baro ƙasar, don in ka dawo da ita Jos ta zama takardar ajiyar tarihi. Kayan da ake shigowa da su ta ruwa suna da tsada, amma kifi da ayaba da kwakwa na gida ne. Soket ɗinsu irin na Turai ne mai rami biyu, don haka ka riƙe adafta saboda cajin waya.

Lafiya Da Yanayi

Nan ne mutumin Jos ya fi buƙatar nutsuwa. Mu muna zaune ne a tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, mun saba da sanyi da busasshiyar iska. Su kuwa suna kan layin da ya raba duniya biyu, gaɓar tekunsu akwai zafi da gumi. Ka bar manyan rigunan sanyi a gida, ka ɗauki tufafin auduga marasa nauyi da takalmin da ba ya tsoron laka. Lokacin da muke tsakiyar damina, daga Yuni zuwa Satumba, su a lokacin suke rani, suna kiransa gravana, kuma shi ya fi daɗin yawo.

Riga-kafi ya fi magani. Ka ga likita kafin ka tashi game da maganin zazzaɓin cizon sauro, ka kwana cikin gidan sauro, ka sha ruwan gora ko tafasasshe. In kana da maganin da kake sha kullum, ka ɗauki wanda zai ishe ka, domin ƙaramar ƙasa ce, mai ciwo mai tsanani akan fitar da shi waje. Sannan ina roƙon 'yan'uwana su ji tsoron teku. Mun san yadda tsofaffin kududdufan haƙar kuza suke cin mutane a Filato, alhali ruwansu a tsaye yake. Teku kuwa yana da igiya mai ja. In ba ka iya iyo ba, tsaya a bakin yashi ka yi kallo.

Abinci, Addini Da Mu'amala

Bahaushe ya saba duk inda ya sauka, Kumasi ne ko Yawunde, ya nemi zango da masallaci da mai shayi. Kada ka tafi da wannan zato. Yawancin mutanen ƙasar Kiristoci ne 'yan ɗarikar Katolika, Musulmi kaɗan ne, kuma ana cin alade ana shan bammi. Musulmi ya riƙe kifi, ya kuma haddace “sem porco”, wato ban da alade. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, sai a kula da lokutan salla.

Ingilishi ba zai kai ka nesa ba. Ka koyi “bom dia”, wato barka da asuba, da “obrigado” ga namiji ko “obrigada” ga mace, wato na gode, da “quanto custa?”, wato nawa ne? Suna da wata kalma da suke ji da ita, “leve-leve”, ma'anarta sannu-sannu. In mota ta makara ko abinci ya daɗe, kada ka ɗaga murya irin ta tasha. Baƙo raɓa ne. Haka kuma in ka ziyarci tsofaffin gandayen koko da suke kira roça, ka tuna cewa gumin bayi da 'yan ƙwadago ne ya gina su, kuma jikokinsu ne ke zaune a ciki. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa ko ka naɗi muryarsa.

Kammalawa

Babban guzurin ɗalibin harshe shi ne kunne da littafin rubutu. Ka zauna da dattawa, ka tambayi sunayen sassan jiki da ƙidaya da gaisuwa, ka kwatanta su da abin da ka sani na harsunan gida. In ka dace da wasan Tchiloli, wanda suke yi a fili da kiɗa da rufe fuska, ka auna shi da namu tashe. Ina kuma kira ga malamanmu da shugabannin ƙungiyarmu da su fara tunanin haɗa irin wannan ziyara, ko da ɗalibai biyu ne za a tura su dawo su ba mu rahoto. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.