KIWON KIFI: Botiya Da Tarwaɗa Duk Damina Su Ke Jira

A 'yan shekarun nan ajiye kifin ado cikin akwatin gilashi ya fara shiga gidajen mutanenmu, musamman a garuruwa irin su Suleja da ke maƙwabtaka da Abuja. Tambayar da masu wannan sha'awa su ke yawan yi ita ce: me ya sa wani kifin ya ke cika akwati da 'ya'ya, wani kuwa ya shekara goma bai haifi ko ɗaya ba? A makon nan za mu ɗauki kifi guda daga cikin masu wannan taurin kai mu duba halinsa, domin amsar ta shafi mai akwati a falo, ta kuma shafi mai kiwon tarwaɗa da masunci a bakin Gurara.

Kifin nan sunansa botiya. Turawa su na yi masa laƙabi da sunan wawan sarki, saboda launin jikinsa mai ruwan lemo da baƙaƙen ratsi uku, kamar wanda ya yi shigar wasa. Asalinsa daga ƙasar Indunusiya ne, a kogunan tsibiran Sumatara da Borniyo, kamar su Musi da Batang Hari da Kapuwas. Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Pieter Bleeker shi ya fara rubuta bayaninsa a shekarar 1852. Ya na da 'yan gajerun gashin baki da ya ke lalube da su a ƙasan ruwa, da wata ƙaya a ƙarƙashin kowane ido wadda ya ke miƙewa in ya tsorata. Wanda ya san ƙurungu na kogunanmu ba zai yi mamaki ba in ya ji botiya ma ya na yin 'yar ƙara a cikin ruwa. Wani abin dariya game da shi kuma, ya kan kwanta a gefe ɗaya shiru kamar matacce, sai an matso ya zabura.

A kanti akan sayar da shi bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. To, amma wannan jariri ne. In ya sami wuri ya kan kai kusan ƙafa guda, watau santimita 30, ya kuma haura shekara 20 a raye. Girmansa a hankali ya ke, kuma sai ya yi shekaru kafin ya balaga. Saboda haka mafi yawan masu jiran haihuwa a akwatinsu, ƙananan yara su ke tsare da su ba su sani ba.

Ko da ya balaga ɗin, da sauran magana. A ƙasarsu, botiya a gindin babban kogi ya ke zaune. In damina ta sauka, ruwa ya ƙaru ya yi ƙarfi, sai manyan su yi ƙaura su hau sama su zuba ƙwai a cikin ruwa mai gudu. Ƙwan ba ya manne wa komai, igiyar ruwa ce ke ɗauke da shi, ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa da kwana guda, sa'an nan 'ya'yan su watsu cikin fadamu da dazuzzukan da ambaliya ta shafe, inda abinci ya ke a wadace. Uwa ba ta reno, uba ba ya gadi. Jikin kifin ba ya sakin ƙwai sai ya ji waɗannan alamu sun haɗu: hawan ruwa, da canjin ɗuminsa da ɗanɗanonsa, da doguwar tafiya. Akwatin gilashi kuwa ba shi da damina ba shi da rani. Shi ya sa za a ga mace ta yi ƙiba da ƙwai, namiji ya na bin ta su na zagaya akwati kafaɗa da kafaɗa, mai gida ya yi ta murna, daga baya cikin ya saɓe don jikinta ya shanye ƙwan. Labarin waɗanda su ka ce ya zuba masu ƙwai a gida bai taka kara ya karya ba, kuma da wuya a ji 'ya'yan sun rayu.

To, daga ina miliyoyin da ake sayarwa a duniya su ke fitowa? Shekara da shekaru daga kogi ake kamo su, ta hanyar jefa gorar da aka huhhuda a cikin ruwa, ƙananan su shiga su ɓuya a ɗauke su. Da abin ya yi yawa sai hukumar Indunusiya ta hana fitar da manya masu haihuwa. Daga baya masana na ƙasar, tare da takwarorinsu na Faransa, su ka yi aiki a wata cibiyar bincike da ke garin Depok kusa da Jakarta, har su ka gano yadda za a sa shi ya ba da ƙwai ta hanyar allura.

A nan ne maganar ta dawo gida. Tarwaɗarmu halinta ke nan. Duk wanda ya taso a ƙasar Suleja ya san in ruwa ya kankama, kogin Iku da sauran rafuka su ka tumbatsa, tarwaɗa takan fito da dare ta bi sabon ruwa zuwa cikin ciyawa mara zurfi ta zuba ƙwai. Bambancinsu shi ne ƙwan tarwaɗa ya na da danƙo, ya kan manne a jikin ciyawa. Amma a sa ta a tankin siminti ko na roba, a ciyar da ita har ta yi kilo biyu, ba za ta saki ƙwai don kanta ba. Karfasa kuwa ba ruwanta da wannan sharaɗi: namiji ya share gurbi a ƙasa, mace ta kwashe ƙwan a bakinta ta rene su, har su cika tafki su hana juna girma.

Dabarar da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa su ke bi ta samo asali ne daga Kudancin Amurka, inda masana a Ajantina da Barazil su ka gano a shekarun 1930 cewa akwai wata 'yar tsoka a ƙarƙashin ƙwaƙwalwar kifi wadda ke ba jiki umurnin sakin ƙwai. In an ciro ta daga wani kifi aka niƙa aka yi wa mace allura, sai jikinta ya ɗauka damina ta zo. Yanzu an fi amfani da maganin kwalba irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo na nauyin uwar. Bayan kamar awa 10 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa, sai a matsa cikinta a hankali ƙwan ya zubo a kwano. Namijin tarwaɗa ba ya matsuwa, don haka galibi sai an yanka shi a ciro maniyyinsa a gauraya. Cikin kwana guda ƙwan ya ƙyanƙyashe, bayan kwana uku 'ya'yan su fara neman abinci. Mu a Jihar Neja mu na da gatan wannan ilmi a kusa, domin cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa ta ke, wadda ta faro tun 1968 lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji.

Shawararmu ga mai botiya a gida ita ce ya sauke burin haihuwa, ya mai da hankali ga lafiyar kifin. Kada ya ajiye ɗaya tilo, domin kifin taro ne. Biyar ko shida sun fi. Ya nemi babban akwati mai yashi mai laushi da wuraren ɓuya. Ruwa ya zauna tsakanin digiri 25 da 30, a kula da shi ƙwarai a daren hunturu, gama sanyi na jawo masa cutar fararen ɗigo, kuma fatarsa ba ta jure magani mai ƙarfi. Kada kuma wani ya ruɗe shi ya ce ya soka masa allurar tarwaɗa. Wannan aikin gwanaye ne, kuskure kaɗan sai asarar kifin da aka yi shekaru ana reno.

Darasin da ya fi girma kuwa na kogunanmu ne. Hausawa sun ce kifi a ruwa sarki ne, amma sarautar tasa ta dogara ga 'yan makonnin nan na ambaliya. Wanda ya tare bakin fadama da ƙaramar raga a watan Yuli ko Agusta ya kwashe uwaye masu ƙwai, ko ya zuba guba a rafi, ya cinye kifin baɗi tun bana. Tarwaɗa ta sami allura, amma ragon ruwa da ƙurungu da yauni har yanzu galibi ga kogi su ka dogara. Ya kamata sarakunan ruwa da hukumomin kamun kifi su haɗa kai a ɗaga wa kifi ƙafa a lokacin haihuwarsa. Indunusiya sai da ta ga alamar raguwa sa'an nan ta tashi. Mu kuwa gani ga wane ya ishe mu.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.